Kurege da Gayyar Kainuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, yau daga bakin ruwa ta taso.

Ta zo mu ji ta, in a jiƙe take mu shanya ta a gaban wuta.

To, ku matso ku ji. A wani daji can akwai wani babban tafki, da shi duk namun dajin suka dogara. Nan ake sha, nan ake wanka, nan ake haɗuwa da yamma a taɓa hira. Dorina ce uwar tafkin, abin da ta faɗa shi ake yi. Kada ne dogarinta. Zalɓe kuma kullum yana tsaye a gefe a kan ƙafa ɗaya, ba ya yawan magana, amma idonsa na kan komai.

Wata damina sai aka wayi gari da wata 'yar ciyawa tana yawo a kan ruwa, kore shar, ganyenta a buɗe kamar ƙaramin faifai. Ba wanda ya san daga ina ta zo. Wasu suka ce dinya ce ta kwaso ta a ƙafa daga wani kogi. Dorina ta dube ta, ta ce, "Ku bar ta, ado ce."

Ashe kainuwa ce. Ɗaya ta haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka haifi jikoki, jikokin suka haifi nasu. Kafin kaka ta yi, tafki ya rufe ruf, ba ka ganin ruwa ko na cikin cokali. Barewa ta zo sha, ta zaci fili ne na sabuwar ciyawa, ta taka, sai tsulum. Kifaye suka rasa iska, ruwa ya fara wari, sauro ya samu gari. Dorina kuwa duk lokacin da ta ɗago kai sai ta fito da hular ganye, ana ta ƙunshe dariya.

Kada ya ce shi zai yi maganinta. Ya shiga ya yi ta dukanta da wutsiya har ya farfasa ta gutsi-gutsi. Kowane gutsure ya warke ya zama sabuwar kainuwa. Ɓauna ta ce ita cinye ta za ta yi. Ta ci loma biyu, maƙogwaronta ya kama ƙaiƙayi, ta yini tana tari.

Sai Zalɓe ya ce, "Ranki ya daɗe, na gan ta a wasu tafkuna. Ba a dukanta, ba a cinta. Jawo ta ake yi da saiwarta, a kai ta can tudu rana ta ƙona ta. Kuma ko ƙwaya ɗaya aka bari, aikin baya zai koma."

Dorina ta ce, "To, a kira gayya."

Aka kira gayya. Aka ɗora tukwane a gindin tsamiya: dafaffiyar gyaɗa, gurjiya, ɗanwake da mai da yaji, ga kunun tsamiya a ƙwarya-ƙwarya.

To, akwai Kurege. Shi Kurege ba ruwansa da tafki, raɓar safiya ma ta ishe shi sha. Yana kwance a raminsa sai iska ta kawo masa ƙanshin gyaɗa. Hancinsa ya tashi, shi ma ya tashi ya bi hancin. Ya iso ya tarar an yi cirko-cirko. An tufka doguwar igiya ta rama, ana so a kewaye kainuwar da ita a jawo ta gaɓa, amma an rasa mai kai bakin igiyar tsallake. Mai nauyi in ya taka sai ya nutse, Kada kuma in ya shiga sai ya cukurkuɗe igiyar da saiwa.

Kurege ya ce, "Sannunku da aiki. Wannan ne ya tsayar da manya? Ku ba ni."

Lokacin Kurege siriri ne kamar tsinke. Ya ciji bakin igiya, ya hau kan kainuwa, fir-fir-fir, ganye bai ko lotsa ba sai ga shi a tsallake. Aka yi ta sa masa albarka. Ya dawo ya karkaɗe hannu, ya ce shi nasa ya ƙare, saura na masu ƙarfi, amma don zumunci zai zauna ya ba su waƙa. Ya zaɓi wurin zama dab da tukwane, ya fara:

"Ku ja, ku ja, ku ja kainuwa,
Mai ƙaho ya ja da ƙaho,
Mai haƙori ya ja da haƙori,"

sai ya sassauta murya, ya ƙarasa wa kansa:

"Mai ciki ya ja da ciki."

Suna ja yana ci, suna ja yana ci. Aka jawo kainuwa aka tsiba a tudu. Gobe haka, jibi haka. Kurege ya kai igiya ya dawo gindin tukunya, ya kai igiya ya dawo gindin tukunya. Ruwa ya fara bayyana, kifaye suka fara tsalle. Kowa na murna, ban da Kurege. Shi da ya dubi ruwan yana ƙara faɗi sai ya ga kamar tukunya ce take ƙara ƙanƙancewa.

Ranar da za a gama, Dorina ta ce, "Alhamdu lillahi. Gobe a wanke tukwane, kowa ya koma harkarsa."

Kurege ya ji maganar nan kamar an soka masa ƙaya. Ya saci jiki ya tsinci 'yan ƙananan kainuwa, masu lafiya, ya naɗe su a ɗanyen ganye ya cusa a 'yar jakarsa. Ya bari sai da rana ta take, kowa ya shige inuwa yana gyangyaɗi, ya lallaɓa bayan kacalla, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa, ya tsuguna kamar mai wanke hannu, ya sake su a ruwa. Ya ce musu, "Ku je ku yi aure ku hayayyafa, Allah ya ba da zuri'a."

Suka kuwa ji magana. Ba a jima ba tafki ya sake rufewa ruf.

Dorina ta ce, "Wannan wace irin ciyawa ce? A sake kiran gayya."

Aka sake ɗora tukwane. Kurege ya kai igiya, ya zauna, ya ba da waƙa. Suna ja yana ci, suna ja yana ci. Aka gama, ya lallaɓa bayan kacalla, ya wanke hannu. Tafki ya rufe. Aka kira gayya. Haka aka yi ta yi duk tsawon rani. Ɓauna ta rame, ƙahonta ya yi kanta. Gadu ya goge haƙoransa a jan igiya. Rumbun Dorina ya kusa kai ƙasa. Kurege kuwa ya yi ɓul-ɓul, wuyansa ya ɓace, sai da ya ƙara wa ƙofar raminsa faɗi.

Rannan aka sake haɗuwa. Wannan karon Kurege ya yi wayo da wuri, tun da safe ya cika jakarsa da irin kainuwa don kada ya manta. Aka miƙa masa igiya. Zalɓe ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Kurege, anya ganyen nan zai ɗauke ka?"

Kurege ya ce, "Malam Zalɓe, ni da kainuwa mun saba."

Ya ciji igiya ya hau. Taku na farko ganye ya lotsa. Na biyu ruwa ya kai masa ciki. Yana isa tsakiya sai tinjim, babu Kurege babu igiya, sai 'yan kumfa suna tasowa.

Sai Kada ya yi nutso ya ɗauko shi a baki, ya zo ya tofar da shi a gaban Dorina. Ya faɗo tsamo-tsamo, jaka ta fashe, 'yan kainuwa suka warwatsu, kowace a naɗe cikin ganyenta kamar ƙullin goro.



Dorina ta ce, "Kurege, mene ne wannan?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, tsintar su na yi a ƙarƙashin ruwa, ina taimakon aiki."

"A ƙarƙashin ruwa ka naɗe su?"

"Ai ina da saurin hannu."

Zalɓe ya sauke ƙafarsa ta biyu, ya ce, "Ranki ya daɗe, duk ranar da aka gama gayya nakan ga wani mai buzu-buzun wutsiya yana wanke hannu a bayan kacalla. Na ɗauka tsafta ce. Yanzu na gane."

Ɓauna ta fara tonon ƙasa da kofato. Kada ya ce, "Uwar ɗakina, ki bar mini shi. Na ɗan ɗanɗana shi yanzu, ya yi mai."

Dorina ta ce, "In ka cinye shi wa zai kwashe abin da ya shuka? A sauke tukwane, gayya ta ƙare. Kurege, kai kaɗai za ka share tafkin nan. In ruwan shuka ya sauka da sauran ganye ɗaya a kan tafkin, na ba Kada kai."

Aka watse aka bar shi da tafki.

Kurege ya fara aiki. Ya ɗauko ɗaya ya kai tudu, kafin ya dawo ta bayanta ta haifi uku. Ya ɗauko biyu, ya dawo ya tarar da jikoki. Ya yi ta jigila har tafin ƙafarsa ya yi ƙuna. Gabas kuma kullum sai ƙara haɗa gajimare take yi. Kada na kwance a gaɓa, ido ɗaya a buɗe, lokaci-lokaci ya ce, "Sannu da aiki, Kurege. Ka dai riƙa cin abinci, kada ka rame."

Wata rana Kurege ya zauna a kan tsohon tsibin kainuwa, wadda aka jawo tun gayyar farko, ta ruɓe ta yi baƙi ƙirin. Ya rafka tagumi. A saman kanya kuwa Biri ne ke zaune yana yi masa dariya. Shi Biri in ya ji magana ba ta kwana a cikinsa, duk dajin an san shi da haka. Kurege ya dubi Biri, ya dubi tsibin da yake zaune a kai, sai ya ji wata dabara ta faɗo masa.

Ya bari Biri ya tafi. Ya ruga can bakin fadama, lambun wani mutum, ya tono dankali mafi girma, girmansa ya kai kan jariri. Ya mirgino shi da ƙyar, yana nishi, ya binne a ƙarƙashin ruɓaɓɓen tsibin.

Washegari Biri ya dawo don ya ƙara dariya, sai ya tarar Kurege na aiki yana rawa, yana waƙa, yana shafa kowace kainuwa kafin ya ajiye ta.

Biri ya ce, "Ɗan'uwa, tsoron Kada ne ya taɓa maka kai?"

Kurege ya ce, "Ba komai. Wuce abinka."

"A'a, akwai komai. Wanda aka yanke wa hukunci ba ya rawa."

"Na ce ba komai."

Biri ya sauko ƙasa. Ya roƙa, ya roƙa, har ya ce zai yi kuka. Kurege ya duba hagu, ya duba dama, ya ce, "Sai ka yi alkawari ba za ka faɗa wa kowa ba."

"Bakina alekum."

Kurege ya matso kusa da kunnensa. "Kana zaton don ɗanwake nake mayar da ita ruwa? Ni da ɗanwake? Kiwonta nake yi. Wannan ciyawa in ta ruɓe babu takin da ya kama ƙafarta. Yanzu ga shi Dorina ta ba ni tafkin duka ni kaɗai, wai hukunci. Tona nan ka gani."

Biri ya tona. Sai ga dankali kamar kan jariri. Ya rungume shi, idanunsa suka yi waje.

Kurege ya ce, "Ɓawo kawai na yar a wurin. Ka tafi da shi, amma ka tuna alkawari."

Biri ya riƙe alkawari har ya kai gindin kanya. Nan ya gamu da Gadu, ya ce masa, "Kada ka faɗa wa kowa." Gadu ya gamu da Ɓauna, ya ce mata, "Kada ki faɗa wa kowa." Ɓauna ta faɗa wa Barewa, Barewa kuwa kun san ta da gudu. Dankalin da ya fita daga hannun Biri kamar kan jariri, kafin yamma a bakin jama'a ya kai girman turmi.

Da gari ya waye Kurege ya zo tafki ya tarar ba masaka tsinke. Wannan da kwando, wannan da mangala, wannan da tsohuwar tabarma. Ɓauna ta cika ƙaho tana tafiya kamar bishiya. Gadu da Biri suna jayayya a kan tsibi ɗaya.

Kurege ya shiga tsakaninsu yana ɗaga hannu. "Jama'a, ku ji tsoron Allah. Hukuncina ne fa, ni aka ba. Ku ajiye mini kayana."

Ɓauna ta ce, "Matsa, munafuki. Da ƙarfinmu aka jawo ta, kai kaɗai za ka ci amfaninta?"

Yana hana su suna ƙara ɗiba, yana hana su suna ƙara ɗiba. Ya ruga wurin Dorina ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranki ya daɗe, ƙara na kawo. Ana sace mini hukunci."

Dorina ta dube shi. Ta san akwai wata a ƙasa, amma ta waiga ta ga ruwa yana buɗewa kamar ana yaye bargo. Ta ce, "Na ji ƙararka. Za a duba." Da ya ba da baya sai ta kira Kada a hankali ta ce, "Je ka tsiba mini nawa a gonar bayan gida, kafin su ƙarar."

Aka kwashe ta cikin ruwa, aka kwashe ta tudu, busasshiya da ruɓaɓɓiya. Aka bi cikin kacalla ana lalube. Aka bi ƙoramar da ke shigo da ruwa aka tare ta da kara, wai kada rabon wani ya wuce. Ganye na ƙarshe Zalɓe ne ya tsince shi da baki, ya ce na tattasansa ne. Ranar da ruwan shuka ya sauka, a kan ruwa garau ya sauka.

Kada ya zagaya tafki ko zai sami ganye ɗaya, bai samu ba. Ya dawo ya kwanta yana huci. Dorina ta ce, "Kurege, ban san yadda ka yi ba, kuma ba na son in sani. Tafi."

A hanya Biri ya tare shi, kunya ta ɗan kama shi, ya ce, "Ɗan'uwa, bakina ne ya suɓuce. Zo in ɗiba maka kwando ɗaya a nawa."

Kurege ya ce, "Bar shi, na yafe muku. Sadaka ce."

Ya shige raminsa ya kwanta rigingine, ya yi ta dariya har da hawaye. Wai manya-manyan namun daji sun ɗauki ruɓaɓɓen ganye a ka sun kai gona don maganar da ya ƙirƙira a zaune. Ya fita ya shuka 'yar gyaɗarsa a busasshiyar ƙasa, yana shuka yana dariya.

Damina ta yi nisa. Rannan Kurege ya fita zagaya don ya ƙara dariya. Ya biya ta gonar Ɓauna, ya ga dawa ta yi baƙi-baƙi, karanta kamar gora. Ya ce ƙila sa'a ce. Ya biya ta gonar Gadu, ya ga rogo ya tsattsaga ƙasa. Ya biya ta gonar Biri, ya ga kabewa zaune kamar tuluna, Biri a kan ɗaya yana kaɗa ƙafa. Ya dawo tasa gonar, ya ga gyaɗa ta yi rawaya, kowane tushe kamar yana neman a yi masa sannu.

Ya zauna daɓas a kan kunyar gona, ya ce, "Ashe gaskiya na faɗa."

Ya ruga tafki ya zagaya ko zai sami 'yar ƙwaya ɗaya. Ina. Yanzu kainuwa ko leƙowa ta yi, kafin ta buɗe ganye wani ya cafke ta ya kai gona.

Da kaka ta yi, yunwa ta kore shi zuwa gidan Biri. Ya yi sallama, ya ce ko za a ɗan taimaka masa da kabewa.

Biri ya fashe da dariya. "Kai da ka koya mana sirrin? Kai da ɓawo kawai kake yarwa ya zama dankali? Bar zolaya, ɗan'uwa. Mun san rumbunka a ƙarƙashin ƙasa yake."

Ya je wurin Gadu, haka. Ya je wurin Ɓauna, ta ce ita ma da ma tana shirin zuwa ya ƙara mata wani sirrin. Ya buɗe baki zai ce ai ƙarya ya yi musu, sai ya hango Kada yana shan hantsi a gaɓa, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Shi ya sa har yau in kun ga kurege a bakin hanya za ku ga ya miƙe tsaye a kan ƙafafunsa na baya, hannu biyu a ƙirji, yana duba gabas yana duba yamma. Jira yake ko wani zai wuce da kabewa ya yarda cewa shi fa da gaske yunwa yake ji.

Ƙurunƙus kan tarwaɗa. Ba don santsinta ba, da na kamo muku ita kun gani da idonku. Ku dai ku riƙe wannan: duk wanda zai shirga ƙarya, ya fara ɗibar kwando ɗaya ya kai gonarsa, don bai san ranar da za ta zama gaskiya ba.